Ku Bar Mai Labari Ya Faɗi Labarinsa

Surutun da ya biyo bayan wani faifan bidiyo na tsohon sojan da muryarsa ta sarƙe a kan dandamalin wasan kwaikwayo ya ishe ni haka nan. Mutum ya tsaya gaban jama'a yana faɗin abin da ya gani da idonsa a fagen daga, ya yi shiru na ɗan lokaci domin ya haɗiye abin da ya tokare masa maƙogwaro, sai ga masana sun ɓullo ta ko'ina suna cewa wannan cin kasuwa ne da hawayen bayin Allah, a daina irin wannan wasan daɓe da waɗanda abin ya faru da su ke ba da labarinsu da bakinsu, a bar 'yan mazan jiya da 'yan gudun hijira su huta. Madalla da wannan tausayi da ba ya motsawa sai ranar da mai ciwo ya buɗe baki. Shekara da shekaru yana kwana ido biyu ba wanda ya tambaye shi, amma da ya ce zai yi magana, nan take kowa ya zama likitansa.

Jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Masu cewa a tausaya masa a sauke shi daga dandamali, kunnuwansu suke tausaya wa. Labarin yaƙi yana da daɗin saurare idan ya zo a matsayin alƙaluma. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce waɗanda aka raba da muhallinsu sun haura miliyan 120 a 2024, mun ji, mun girgiza kai, mun wuce, domin adadi ba ya kallon mutum ido cikin ido. Amma a ce mace ɗaya daga cikinsu ta tsaya taku biyar daga inda kake zaune, ta faɗi abin da ta iya ɗauka a daren da ta bar gidanta da abin da ta waiwaya ta bari, to nan ne zama yake gagara, nan ne kuma ake tuno da maganar mutunci.

Kuma masu wannan ƙorafi suna yi kamar jiya aka ƙirƙiro abin. Tun 1925 daraktan wasan daɓe Erwin Piscator yake haɗa wasa a Jamus da jawabai na gaske da labaran jaridu da hotunan yaƙi. A 1965 marubucin wasan kwaikwayo Peter Weiss ya ɗauki shaidar da aka bayar a shari'ar Frankfurt kan Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi suka yi kisan ƙare dangi a ciki, ya mayar da ita wasan daɓe, aka buɗe shi rana ɗaya a gidajen wasa fiye da goma a Jamus ta Gabas da ta Yamma, a lokacin da mutane da yawa a can suka fi son a bar kaza cikin gashinta. Wa ya ci ribar shirun da ake so a yi a wancan lokaci? Ba waɗanda suka tsira ba dai.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne aikin da Lola Arias, daraktar wasan daɓe 'yar ƙasar Ajantina, ta fito da shi a 2016. Ta tara tsofaffin sojoji shida da suka gwabza da juna a yaƙin tsibiran Falkland na 1982, waɗanda 'yan Ajantina ke kira Malvinas, uku daga ɓangaren Ajantina, uku daga na Birtaniya, har da wani sojan Gurkha ɗan Nepal da ya yi wa Birtaniya yaƙi. Kwana 74 aka yi ana yaƙin, sojojin Ajantina 649 da na Birtaniya 255 suka mutu. A cikin mutum shidan akwai wanda ya tsira lokacin da aka nutsar da jirgin ruwan yaƙin Ajantina mai suna General Belgrano, inda mutum 323 suka halaka, ga shi tsaye kafaɗa da kafaɗa da mutanen da ƙasarsu ta harba makamin. Ba wanda ya ari bakinsu. Kowa da harshensa yake magana, wannan da Sifaniyanci wancan da Ingilishi, kuma ba a tilasta musu su daidaita kan mallakar tsibiran ba, kowane ɓangare ya faɗi nasa a gaban ɗayan, sannan suka ɗauki kayan kiɗa suka buga tare. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ina so wanda ya kira wannan cin kasuwa ya je ya faɗa wa waɗannan dattawa cewa shi ya fi su sanin abin da zai ba su lafiya.

Na san za a ce maimaita labarin kowane dare yana fama tsohon miki. Yana iya yi, shi ya sa ake neman yardar mutum, a bar masa ikon cewa wannan zan faɗa, wancan ba zan faɗa ba. Gyaran aiki ke nan, ba hujjar rufe baki ba ce. Za a ce darakta ne yake zaɓen abin da zai shiga wasan. To, ɗan jaridar da ya yanke hirar awa guda ta koma daƙiƙa talatin fa, wa ya taɓa kiran a rufe gidan talabijin saboda shi? Maganar kuɗi kuwa ba ta buƙatar dogon bayani: a biya su haƙƙinsu cikakke, kamar kowane ɗan wasa. Abin da ba zan karɓa ba shi ne a yanke wa baligi mai hankali hukuncin yin shiru, a ce don amfaninsa ne. An yanke wa soja hukuncin tafiya yaƙi ba da shawararsa ba, an yanke wa 'yar gudun hijira hukuncin zaman sansani ba da shawararta ba, yanzu kuma labarin da ya rage musu shi ma sai wani ya ba da izini.

Wannan ya tuna mini da matan Siriya da suka yi gudun hijira zuwa Jodan. A 2013, a birnin Amman, suka ɗauki tsohon wasan Girkawa na marubuci Euripides kan matan birnin Troy bayan an ci shi da yaƙi, suka saƙa nasu labaran a ciki, alhali ba sana'arsu ba ce. A 2014 Jami'ar Georgetown da ke Washington ta gayyace su, sai Amurka ta hana su biza, wai ba su gamsar da jami'ai cewa za su koma inda suka fito ba. A ƙarshe ta allon bidiyo suka yi wa 'yan kallo magana daga Amman, sai a 2016 wasu daga cikinsu suka samu zagaya Birtaniya da wasan. Har yau ina mamakin irin takardar da ake so matar da bam ya rushe wa gida ta gabatar domin a yarda tana da wurin komawa.