Kafin a yi wa sabon malami maraba, a tambayi abin da ya fitar da tsohon

Duk wanda ke da yaro a makaranta mai zaman kanta ya san irin takardar nan da ake aikowa ana dab da komawa daga dogon hutu. Hukumar makaranta na farin cikin sanar da iyaye cewa ta ɗauki sababbin malamai: ga sunayensu, ga digirorinsu, wani lokaci har da hotuna. Can ƙasa kuma, a layi ɗaya ko biyu, sai a gode wa waɗanda suka ajiye aiki, a yi musu fatan alheri. Galibinmu saman muke karantawa mu ji daɗi, mu ninke takarda. Ni kuwa layin ƙasan nan ya fi damuna, kuma ina ganin a kansa ya kamata iyaye su tsaya.

Uba yakan zaɓi makaranta ne saboda abin da idonsa ya gani ranar da ya kai ziyara: gini mai fenti, ɗakin kwamfuta, motar ɗaukar yara. Amma yaro ba da gini yake wuni ba, da mutum yake wuni. Malamar da ta riƙe aji shekara biyu ta san wane ne ba ya hango allo daga baya, ta san yarinyar da ke da amsa amma kunya ba ta barin ta ɗaga hannu, ta san wanda lissafin rabawa ya tsaya wa a wuya tun bara, da wanda shirunsa ke nufin akwai damuwa a gida. Babu ko ɗaya daga cikin wannan da aka rubuta a rajistar aji ko littafin tsara darasi. Ranar da ta fita daga ƙofar makaranta, da shi take fita. Wadda aka kawo a madadinta, ko da ta fi ta takardu, sai ta cinye makonni tana haddace sunaye da karantar halaye, alhali manhaja ba ta jiran kowa.

An auna wannan asara. A 2013 wasu masana uku a Amurka, Matthew Ronfeldt da Susanna Loeb da James Wyckoff, sun wallafa binciken da suka yi a kan ɗaliban aji huɗu da aji biyar na birnin New York, inda suka bi bayanan shekara takwas. Sun gano cewa inda malamai suka fi yawan sauyawa, sakamakon yara a Turanci da lissafi ya fi faɗuwa, kuma abin ya fi tsanani a makarantun da ɗalibansu dama suke baya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, illar ba ta tsaya a kan ajin da malaminsa ya tafi ba, ta shafi har yaran da malamansu ke nan ba su motsa ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: wanda ya zauna shi zai rufe gurbin da aka bari, shi zai nuna wa baƙo hanya, kuma abokin shawararsa na jiya ba ya nan. Makarantun gwamnati aka bincika, amma aji ai aji ne, ko wane ne ya gina shi.

Sannan neman malami na ƙara wuya a ko'ina. Hukumar UNESCO mai kula da ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa duniya na buƙatar ƙarin malaman firamare da sakandare miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. Ta kuma ce adadin malaman firamare da ke barin aikin ya kusa ninkawa, daga kashi 4.6 cikin ɗari a 2015 zuwa kashi 9 a 2022. Wani rahotonta na 2021 ya nuna yara kimanin miliyan 350 ne ke karatu a makarantun da ba na gwamnati ba. Saboda haka mai makarantar da ke tunanin idan wannan ya tafi gobe goma za su kawo takarda, yana iya samun goman, amma ba lallai ya samu ko ɗaya da ya iya koyarwa ba.

Me ke fitar da su? Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin malamai ya san amsar. Albashi ne, da ƙanƙantarsa da kuma jinkirinsa. Akwai makarantun da ba sa biyan watannin hutu, kamar malami yana daina ci ne idan aka rufe makaranta. Akwai inda mutum zai shekara uku yana aiki babu takardar ɗaukar aiki, balle a yi maganar fansho. Akwai wanda aka ɗauka don ya koyar da kimiyya, aka ɗora masa lissafi da zane da riƙon aji, kuɗin kuma na nan yadda yake. Mafi muni a wurina ita ce dabarar da wasu ke yi ta sallamar tsofaffin hannu da zarar albashinsu ya fara hawa, a maye su da waɗanda suka gama karatu jiya, don sun fi araha. Wannan ma a takardar iyaye sunansa "sababbin malamai masu jini a jika". Banda kuɗi, akwai mutunci. Malamin da aka ci wa fuska a gaban ɗalibansa don a faranta wa wani uba mai biya a kan lokaci, tun daga ranar zuciyarsa ta bar wurin, gangar jikin ce kawai ke jiran hanya.

Ba sabuwar magana ba ce. Tun ranar 5 ga Oktoba, 1966, a birnin Paris, UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da shawarwari kan matsayin malamai, kuma sun faɗa ƙarara cewa sun shafi makarantun gwamnati da masu zaman kansu baki ɗaya. A ciki an nuna cewa tabbacin aiki ga malami maslaha ce ga ilimin kansa, ba ga malamin kaɗai ba. Ranar ce ake bikin ranar malamai ta duniya a kowace shekara tun 1994. Makarantu da dama na raba kyaututtuka a wannan rana, ina ma a ce takardar aiki mai sa hannu ake rabawa.

Adalci ne kuma a saurari mai makaranta. Ba shi da kasafin gwamnati, abin da iyaye suka biya da shi yake juyawa, albashi kuma shi ne babban nauyinsa. Uban da ya riƙe kuɗin makaranta har ƙarshen zango, sannan ya zo yana ƙorafin malamai na guduwa, yana da hannu a abin da yake kuka da shi. Haka nan ba kowace tafiya ce asara ba. Malamin da ke dukan yara, ko wanda ba ya shiga aji, ko wanda ya shekara goma yana karanto tsohon rubutunsa, sallamarsa alheri ce, kuma shugaban da ya kasa yin ta ya gaza. Wasu aure ke ɗauke su, wasu ƙarin karatu, wasu girma ya zo. Makarantar da ta buɗe sababbin azuzuwa dole ta ɗauki mutane. Abin dubawa shi ne yawa da maimaituwa. Mutum biyu cikin talatin su tafi a shekara, wannan rayuwa ce. Goma su tafi bana, goma baɗi, to akwai abin da ke korarsu, kuma yana cikin ofis, ba ya cikin aji.

Yadda ake ɗaukar sababbin ma abin magana ne, don gaggawa ce ke ɓata shi. Malami ya ajiye aiki saura mako guda a koma, sai a kira wanda takardarsa ke saman tebur, a yi hirar minti goma, Litinin ya shiga aji. Digiri na nuna mutum ya yi karatu, ba ya nuna zai iya riƙe hankalin yara talatin na minti arba'in. Wannan sai an sa shi gaban aji na gaske, gogaggen malami na zaune a baya yana kallo. Kuma sai an ɗaga waya an kira inda ya baro, an tambaya kai tsaye: za ku sake ɗaukarsa? Takardar shaidar da mutum ya kawo da hannunsa ba ta wadatar.

Wannan tantancewa kafin ɗaukar aiki bai kamata ta tsaya ga malamai ba. Mai gadi da direba da mai shara duk suna kusa da yara, wani lokaci a inda babu idon kowa. A 2002, a garin Soham na Ingila, mai kula da ginin wata makarantar sakandare ya kashe 'yan mata biyu masu shekara goma-goma. Kwamitin Bichard da ya binciki lamarin ya fitar da rahoto a 2004, inda ya nuna an sha kai ƙarar mutumin wurin 'yan sanda a wani yanki, amma bayanin bai iso ba lokacin da ake tantance shi, kuma ba a bi diddigin takardun shaidarsa yadda ya kamata ba. Bayan haka ne ƙasar ta tsaurara ƙa'idojin ɗaukar duk wanda zai yi aiki da yara. Babu makarantar da ya kamata ta jira irin wannan kafin ta koyi kiran waya ɗaya.

Idan an ɗauka kuma, kada a jefa mutum aji a juya baya. A haɗa shi da wanda zai tafi ko na kwana uku ne, su zauna a kan kowane yaro, a nuna masa inda aka tsaya a manhaja. A ba shi tsohon hannu da zai riƙa leƙa shi a zangon farko. Ajin da ke fuskantar jarrabawar fita kuwa, sauya masa malami a tsakiyar shekara abu ne da sai dole ta sa, kuma iyaye na da haƙƙin a gaya musu da wuri, ba su ji daga bakin yara ba.

Ba na cewa makaranta ta tona asirin wanda ta sallama, wannan tsakaninsu ne. Amma adadi ba sirri ba ne. A taron iyaye da malamai mai zuwa, bayan an gabatar da sababbin an tafa musu, wani ya miƙe cikin ladabi ya ce: ranka ya daɗe, cikin malaman da muka gani a nan shekara uku da suka wuce, nawa ne suka rage, kuma an biya su albashin hutun da ya gabata? Shugaban da ke riƙe da mutanensa zai amsa nan take, har ya nuna su da hannu a cikin zauren.