Ranar da na kwaikwayi kaskar ƙasa a gaban malamai

Kun dai san aikin kammala digiri da Dakta, malamin da ke duba ni, ya liƙa min: 'yan mitsi-mitsin dangin kaska da ke zaune cikin ruɓaɓɓen ganye, waɗanda littafi ke kira oribatida. Ba ni na zaɓa ba, ranar da aka yi rabo ina gida wajen suna. Damina guda na yi ina kwasar ƙasa a gindin mangwaron bayan ɗakin kwananmu, in zuba a rariya bisa mazurari, in kunna ƙwan lantarki a sama, zafi ya koro su su faɗo cikin kwalbar sifirit. Dabarar wani Ba'italiye ce, Berlese, tun 1905, daga baya wani Tullgren ya ƙara mata ƙwan lantarkin, kuma na tabbata shi ba a ɗauke masa wuta sau uku a dare. Rariyar ta Inna ce, har yau tana cigiya.

Ranar difens, wato ranar kare aikin a gaban malamai, na shiga da kwat ɗin aro, ina ji da kaina. Kuma wallahi na fara da kyau. Na ce abin da yawanci bai kai milimita ɗaya ba, amma an samu burbushin kakanninsa na shekara kusan miliyan 380, tun daga lokacin ake neman cinye shi yana sake dabara. Yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa, gudu ba nasa ba ne, sai ya koma ga sulke. Wasu sun taurara fatarsu da sinadarin alli. Wasu suna da 'yan marafai kamar fukafukai a gefe, ba na tashi ba, na rufe ƙafa. Wasu tsohuwar fatar da suka saɓule suke ɗorawa a baya su ƙara da datti. Wasu kuma guba suke tsatso da ita daga gefen jiki, har akwai mai fitar da sayanayid, irin wanda ke cikin rogo mai ɗaci. Na ma ƙara da cewa kwaɗin nan masu guba na Kosta Rika da Panama, wani kaso na gubarsu daga cin waɗannan halittu suke samu. Dakta na ta gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Sai baƙon malamin da aka gayyato, tsohon nan mai gilashi a kan hanci, ya ce: "To, masu naɗewa fa? Yi min bayani kamar kakarka kake yi wa."

Na san amsar. Akwai waɗanda idan an taɓa su sai su zuƙe ƙafafu takwas ɗin cikin jiki, gaban ya faɗo ya rufe kamar murfin akwati, su koma tamkar ƙwayar gero, kuma wannan dabara ta ɓullo a zuriya daban-daban ba sau ɗaya ba. Amma sunan abin a Turance da "pt" ya fara. Na ce "pi", na tsaya. Na ce "ti", na tsaya. Turanci ya ce ga garinku nan. Da na ce bushiya ko kunkuru ai da an wuce wurin. A'a, sai na ji bakina ya ce: "Ranka ya daɗe, bari in nuna."

Na ajiye takardu. Na tsuguna a gaban malamai bakwai. Na harɗe hannuwa a ƙirji, na cusa kai tsakanin gwiwoyi, har ina bayani daga can ciki, murya na fita kamar daga rijiya: "Ka ga ƙafafu sun shige, saura murfi." Na yunƙura in rufe murfin.

Ɓaaarrr!

Daga ɗamara har tsakar ƙafa. Ba a hankali ba, irin ƙarar da mai yadi ke yi a kasuwa idan ya ja atamfa. Ɗakin ya yi tsit, fanka kaɗai ke juyawa, ni kuma ina jin iskarta a inda bai kamata ba. A ciki gajeren wandon ƙwallo ne, ja wur, har da lamba. Na ƙi ɗagowa. Na zauna a naɗe ina fata su gaji su tafi, wanda dai shi ne ainihin abin da halittar ke yi.

Tsohon ya gyara gilashi ya ce: "Madalla. Sai dai ita ba ta barin ƙofa. Akwai ƙananan ƙwari da sana'arsu ke nan, neman mahaɗar sulken su ɓalle ta. Da sun same ka, ba su sha wahala ba." Wata malama ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na rawa.

Amma ba su ne suka ƙona min rai ba, Dogo ne. Wandon nasa ne. Mutumin da ƙugunsa bai fi muciya ba, ya dube ni da safe ya ce "ya zauna maka ɗas, mutumina." Ya sani. Shi ne kuma a taga da waya a hannu, yana dariya har da buga bango. Da yamma ya zo min da lissafi, wai wandon na ɗaurin auren yayansa ne, ɗinki ba zai yi ba sai sabo. Wannan Dogon da ya kwance min ƙwan lantarki biyu daga kan mazurari ya kai ɗakinsu, samfurina na mako guda ya lalace, ban ce masa uffan ba. Cajata ma tana wurinsa tun zangon farko.

Na ƙarasa amsa tambayoyi a jingine da bango, na fita da baya da baya, kundin aikina a manne inda aka yage. An ba ni B. Tela ya karɓi ɗari biyar, Dogo ya ce zaren bai yi kala da wandon ba, muna nan dai a kan maganar.