A gasar ƙungiya, buɗin wasa ba naka ba ne kai kaɗai

Duk wanda ya kalli wasan ces (darar Turawa) na ranar Asabar a Samaru ya ga yadda ƙungiyarmu ta zubar da maki da hannunta, kuma ina nan a kan bakana cewa ɗan wasanmu na allo na huɗu, wato na ƙarshe cikin 'yan wasa huɗu na ƙungiya, ba shi da hurumin buɗe wasa da salon nan mai kasada da ake kira King's Gambit. Tun a taku na biyu ya tura soja zuwa gidan f4 na allo, ya miƙa shi kyauta, ya bar sarkinsa a fili, alhali kyaftin ya roƙe shi tun da safe ya riƙe wasan cikin natsuwa. Sauran alluna uku sun tashi da nasara ɗaya, faɗuwa ɗaya da kunnen doki ɗaya. Da ya yi canjaras kawai, da an tashi 2 da 2. Sai ga shi ya sha kaye, yana tsayar da agogon wasa hannunsa na rawa, 'yan uwansa uku suna tsaye a bayansa ba mai cewa uffan.

Tun jiya ake rubuto mini cewa ai gwanin ces na Rasha Spassky ya doke gwanin Amurka Fischer da wannan buɗin a 1960. Gaskiya ne, amma Spassky kansa kaɗai yake wakilta a ranar, bai ɗauko gumin mutum uku a wuyansa ba. Masu cewa wasan natsuwa tsoro ne kuwa, su tuna yadda Kramnik ya karɓe kambun duniya a Landan a 2000, inda ya toshe mai riƙe da kambun, Kasparov, da salon tsaro da ake kira kariyar Berlin har aka gama ba tare da Kasparov ya ci wasa ko ɗaya ba. Tun daga 2008 gasar Olympiad, wato gasar ces ta ƙungiyoyin ƙasashen duniya, take lissafi da makin ƙungiya, 2 ga nasara, 1 ga canjaras, saboda haka rabin makin allo na huɗu yana iya raba ƙungiya da lambar yabo. Wanda yake sha'awar gambit, wato sadaukar da soja tun farkon wasa, ya buga abinsa a gasar ɗaiɗaiku, ba wanda zai hana shi. Amma idan ya zauna da sunan ƙungiya, buɗin da zai zaɓa amanar jama'a ce.

Ina ƙaunar yaron nan, yana da kaifin ido, kuma laifin bai tsaya a kansa ba, domin ba mu taɓa zama daren gasa mun tsara abin da kowane allo zai buga da fari ko da baƙi ba. Hatta agogon atisaye aro muke yi daga Sabon Gari, yara suna saba wasa ba lokaci, sai a ranar gasa su fara koyon danna shi.