Kyamarar Bature Ba Ta Ganin Namu

Ƙarfe bakwai na safe ne a watan Fabrairun 2022, a teburin mai shayi kusa da Taminus a Jos. Sanyi ya sa kowa ya rungume kofinsa kamar za a ƙwace. A jikin kwantena an rataye ƙaramar talabijin, wata tashar Amurka na nuna wasannin Olamfik na hunturu daga Beijin.

ƊAN KEKE: Malam Ticha, ka ce akwai ɗan Najeriya a wasan nan. Fasinja uku na bari suka wuce saboda shi. Ina yake?

TICHA: Akwai shi mana. Samuel Ikpefan. Shi kaɗai ne namu a bana, tseren zamiya yake yi kan dusar ƙanƙara da sanduna biyu.

ƊAN KEKE: To wannan matar da ake nunawa tun ɗazu tana share hawaye fa?

TICHA: Uwar ɗan wasan Amurka ce.

ƊAN KEKE: Ita ma tana cikin gasar?

TICHA: A falonta take zaune. Korona ta hana 'yan kallo daga waje zuwa Sin.

ƊAN KEKE: Wancan karen fa?

TICHA: Na gidansu ne.

ƊAN KEKE: An nuna uwarsa, an nuna karensa, an nuna firamaren da ya yi. Lallai shi ya ci.

TICHA: Na tara ya zo.

ƊAN KEKE: Wanda ya ci fa?

TICHA: Ɗan Norwe ne. Ai an nuna gwiwar hannunsa lokacin da ya gifta.

BABA TSOHO: Ita Norwe ɗin a wace jiha take?

TICHA: Ƙasa ce guda, Baba. Mutanenta ba su cika miliyan 6 ba, amma a gasar 2018 da aka yi a Koriya ta Kudu lambobi 39 suka kwashe, Amurka 23.

ALHAJI BAKANO: Miliyan 6? Mu a Kano ai wannan 'yan rakiyar amarya ne.

Mai Shayi ya sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, ya dire wa Ticha haɗin kauri, har da ƙarin madara na girmamawa.

TICHA: Ba ku ji komai ba. A wannan gasar ta 2018, tashar NBC ta Amurka ta sanar cewa Anna Veith ta Ostiriya ta ci zinaren gudun gangara na mata, suka juya kyamara zuwa wani wasan. Alhali akwai sauran mata a saman dutse suna jiran layi. Sai ga wata 'yar ƙasar Cek, Ester Ledecka, mai lamba 26 a ƙirji, ta gangaro ta doke ta da kashi ɗaya cikin ɗari na sakan.

BABA TSOHO: Wato an sanar da sakamakon zaɓe, akwatin ƙauye yana hanya.

TICHA: Kamar kana wurin, Baba. Ita kanta yarinyar tsayawa ta yi tana kallon allo baki buɗe, ta ɗauka na'ura ce ta lalace.

BABA TSOHO: Ashe su ma suna yi. Mu ake wa dariya a banza.

TICHA: Ga kuma lissafin lambobi. Galibin duniya zinare ake fara ƙirgawa. Su kafafen Amurka sai su tara zinare da azurfa da tagulla wuri ɗaya, su jera ƙasashe da jimilla.

ALHAJI BAKANO: To ina laifi? Ni ma in zan faɗi cinikin yini, har da na bashi nake haɗawa.

ƊAN KEKE: Wallahi zalunci ne. Da mu ma muna da 'yan wasa da yawa, da sun ga aiki.

TICHA: Mun taɓa yi. A 2018 ne Najeriya ta fara zuwa Olamfik na hunturu, kuma mata huɗu ne suka kai mu. Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga, su ke wasan akwatin zamiya. A tura shi da gudu, a faɗa ciki, ya kwasa cikin kwararon ƙanƙara fiye da kilomita 100 a awa. Kafin su, ba ƙasar Afirka da ta taɓa shiga wannan wasan a Olamfik. Sai Simidele Adeagbo, ita rub-da-ciki take kwanciya kan wani abu kamar faranti, kai a gaba.

BABA TSOHO: Kai a gaba? Iyayenta sun sani?

ƊAN KEKE: Allah ya yi musu albarka! Na nawa suka zo?

Ticha ya kurɓi shayi. Ya sake kurɓa.

TICHA: Masu akwatin dai, cikin 20, na 20 suka zo. Daga baya aka kama 'yar Rasha da shan ƙwayar ƙara kuzari, sai suka koma na 19.

ƊAN KEKE: Ka gani ko! An tashi wasa muna ci gaba da hawa. Da an dage da gwajin fitsarin nan, da yanzu zinaren yana Abuja.

ALHAJI BAKANO: Tsaya tukuna. A Afirka na nawa suka zo?

TICHA: Su kaɗai ne daga Afirka, Alhaji.

ALHAJI BAKANO: Na ɗaya ke nan. Mai Shayi, soya mini ƙwai biyu, murna zan yi.

TICHA: Kuma fa masu akwatin nan duk su ukun a Amurka aka haife su. Shi ma Samuel ɗin haihuwar Faransa ne.

BABA TSOHO: Au, ashe namun ma nasu ne.

ƊAN KEKE: Haba Baba! Ƙwan zabo ko kaza ce ta ƙyanƙyashe shi, zabo ne. Tutar wa suka ɗaga?

Nan kam ba wanda ya ja da shi, don gaskiya ya faɗa.

TICHA: Ita Seun ɗin da katako ta haɗa akwatin gwaji a Hustan, garin da zafi ya fi ƙanƙara yawa. A tsere mai tsallake shinge ta wakilci Najeriya a Landan a 2012.

BABA TSOHO: To me ya hana a zo Jos? Ga sanyi, ga Dutsen Shere, da damina ƙanƙara har kwanon ɗaki take hudawa. Ga kuma yaron nan, shekara biyu yana gangara da keke ba birki.

ƊAN KEKE: Birkin yana nan, Baba, hutu yake.

TICHA: Ni abin da ke ƙona min rai, aikin kyamara amana ce. Wanda ya ci, shi za a nuna, ko ɗan wa ne. Da a hannuna take, da kun ga adalci. Ko makon jiya ni na ɗauki gasar guje-guje ta makarantarmu da wayata.

MAI SHAYI: Alhamdu lillahi! Malam, ai Habuna ne ya ci tseren mita 100, ban samu zuwa ba. Nuna min in gani.

Ticha ya ɗan yi jim, sannan ya miƙa wayar. Kowa ya juya wa talabijin baya, kawuna suka haɗu.

MAI SHAYI: Wannan mai ƙiban da ke haki a baya wane ne?

TICHA: Abbana ne.

MAI SHAYI: Muryar da ke ihun "Abba ka taso, jinin gidanmu" fa?

TICHA: Iska ce ta shiga wayar.

ƊAN KEKE: Ga ma Hajiyar Malam an nuno tana guɗa.

BABA TSOHO: Ku da kuke nema, yanzu wani mai kore da fari ya gifta a akwatin can.

ƊAN KEKE: Ina? Ina yake?

BABA TSOHO: Ya wuce. Tallar mota ake yi.

MAI SHAYI: Malam Ticha, minti huɗu nake kallo. Ina Habu?

TICHA: Duba can gefen hagu da kyau. Ka ga wannan gwiwar hannun?

Mai Shayi ya ajiye wayar a hankali, ya janye kofin haɗin kaurin daga gaban Ticha, ya jawo littafin bashi daga ƙarƙashin kiret ɗin ƙwai.

MAI SHAYI: Malam, yau da jimilla zan yi maka lissafi. Tun daga Disamba.