Kyamarar da ke gane fuska da haƙƙin mai wucewa

Wani rahoto da na gani ya yaba wa 'yan sandan Landan kan motocin da suke girkewa a bakin kasuwanni ɗauke da kyamarori masu gane fuska, amma bai tsaya kan abin da ya fi damuna ba. Kyamarar ba ta ware mai laifi kafin ta duba shi. Duk wanda ya gifta, har uwa mai tura ɗanta a keken jarirai, sai an auna fuskarsa an gwada da jerin waɗanda ake nema, ba tare da an nemi yardarsa ba.

Kuma na'urar tana kuskure. Binciken da NIST, hukumar gwaji da ƙa'idojin fasaha ta Amurka, ta fitar a 2019 ya nuna cewa yawancin manhajojin sun fi yin kuskure a kan fuskokin baƙar fata da 'yan Asiya. A watan Janairun 2020 aka kama wani magidanci baƙar fata a ƙofar gidansa kusa da birnin Detroit na Amurka, bayan manhajar gane fuska ta nuna shi bisa kuskure, a gaban matarsa da 'ya'yansa mata biyu, aka tsare shi kusan awa 30 kan satar agogunan da bai san hawa ba bai san sauka ba.

A shekarar ce kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila da Wales ta ce 'yan sandan Kudancin Wales sun saɓa doka wajen amfani da irin wannan kyamara, domin babu ƙa'ida bayyananna kan wanda za a sa a jerin da inda za a kafa kyamarar. Ni nan ne tsorona, domin hukumar da aka sakar wa wannan zaɓi tana iya sa sunan mai zanga-zangar lumana ko ɗan jarida, mutane kuma su daina fita taro.