Ranar da motata ta tafi ta bar ni, a hankali

Tunda na sa wa tsohuwar Hilux ɗina manyan tayoyi masu inci 33 ta zama raguwa a hawan dutse. Ko na sa ta a L4, wato ƙaramar giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja da ƙarfi a hankali, sai na yi ta wasa da kuloci, har ƙaurinsa ya cika mota. Abokan shiga daji suka ce maganin yana cikin akwatin giyar nan da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya.

Na zauna na buga lissafi. Giya ta ɗaya 3.95, ƙaramar giyar akwatin 2.28, ta ƙafa 4.10. In ka ninka, inji zai juya sau 37 kafin taya ta juya sau ɗaya. In kuwa na cire haƙoran 2.28 na sa na 4.7, abin ya koma 76, wato ƙarfin janta zai ninka, saurinta kuma ya ragu da rabi. Daga nan barci ya ƙaurace mini.

Aikin ya ci mini kwana uku. Sabon haƙorin ya fi tsohon girma, sai da muka gurje cikin akwatin kafin ya samu wurin juyawa. Bakaniken yana share hannu ya ce, "Maigida, tunda an zo, a gyara hannun ƙofar nan mana." Hannun ƙofar direba na waje ya karye tun bara, ta taga nake zira hannu in buɗe. Na ce masa wannan ƙaramin abu ne, mu masu manyan ayyuka ne.

Ranar gwaji muka fita da abokai, ɗaya ya zo da ɗansa ɗan shekara bakwai. Na sa L4, giya ta ɗaya, na ɗaga ƙafa daga komai. Mota ta kama rarrafe kamar hawainiya, ko kilomita 2 a awa ba ta kai ba. Daɗi ya ɗebe ni. Na ce bari in nuna musu abin da ba su taɓa gani ba: na buɗe ƙofa na sauka, ina tafiya a gefenta hannu a aljihu.

Sai na ji "ƙarap". Ƙofa ta rufe. Gilashi kuma na ɗage shi saboda ƙura.

A gabanmu, kamar taku arba'in, akwai kududdufi.

Ban taɓa ganin tashin hankali mai nawa irin wannan ba. Ina da lokacin yin salati, in yi ihu, in huta, in sake ihu. Na ɗauko dutse na sa a gaban taya, ta haye shi ko gezau. Na mirgino wanda ya fi shi, ta haye, ai dama don haka na kashe kuɗina. Mu huɗu muka tare ta ta gaba muna turawa, tana tafiya da mu baya-baya, takalmana suna jan layi a ƙasa. Ɗaya abokin dariya ta kayar da shi, ya bar mu mu uku.

Na ɗaga dutse zan fasa gilashi ke nan, yaron nan ya ja mini riga.

"Kawu, ɗaya ƙofar fa?"

Ya zagaya ba ko sauri, ya buɗe ta, ya riƙe mini. Na rarrafa ta kan kujera na kashe inji, tayoyin gaba sun riga sun jiƙe.

Washegari da sassafe ina gareji. Bakaniken ya kalli taɓon da ke jikin wandona, bai tambaye ni komai ba, ya ɗauko hannun ƙofa.