Filayen gefen filin jirgin Damagaram: a ba da su haya, kada a sayar

Damagaram na ci gaba da faɗaɗa. Tun ƙidayar 2012 mutanen birnin sun haura dubu 300, kuma kowace shekara sai gidaje sun ƙara cin gonakin bayan gari. Gari in ya cika, filayen da ke kewaye da filin jirgin sama ake fara sa wa ido, domin ga su a sarari, ga hanya kusa. Ita kuma ma'aikatar magajin gari tana neman kuɗin shiga, hanya mafi sauƙi kuwa ita ce a yanka filaye a sayar.

Ra'ayina shi ne kada a sayar da ko taku ɗaya na wannan yanki. A ba da shi haya, da sharaɗi a rubuce.

Wanda ya sayi fili, gini zai yi. Bana ɗaki biyu, baɗi bene, gaba kuma kamfanin waya ya zo ya kafa eriya a kai. Ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ba ta bar wannan a hannun mai fili ba. A babban titin jirgi, ta inda jirgi ke gangarowa, tsayin da aka yarda da shi mita 2 ne kacal a kowace tazarar mita 100 daga bakin yankin titin. A nisan mita 500, duk abin da ya wuce mita 10 ya shiga hanyar jirgi, ko tankin ruwa ne, ko hasumiya. Matuƙin da ke sauka cikin hazon hunturu, a lokacin da mutum ba ya hango ƙarshen layinsu, da wannan lissafin ya dogara.

Mun ga abin da ya faru a Kano ranar 4 ga Mayu 2002, da jirgin kamfanin EAS ya faɗa unguwar Gwammaja jim kaɗan bayan tashi. Mutane fiye da 100 suka rasu, da dama daga cikinsu suna zaune ne a gidajensu. Allah ya jiƙansu.

Amma kuma barin wurin haka nan ba mafita ba ce, kuma nan ne masu cewa a hana kowa taɓa shi suke kuskure. Filin da ba mai lura da shi, bola ake zubawa, ko masu bulo su haƙe shi ya zama kududdufi da damina. Bola tana kiran shirwa da ungulu, ruwa kwance yana tara tsuntsaye, tsuntsu ɗaya kuwa ya isa ya kashe injin jirgi. Shi ya sa ICAO ke son a riƙa bincika duk abin da ke jawo tsuntsaye har nisan kilomita 13 daga filin. Ko gero da dawa sai an yi hattara da su daf da titin, saboda da zangarniya ta nuna buwa za ta sauka.

Ɗan haya yana tsaron wuri, kuma ana iya karɓewa in ya saɓa. A ba masu yankan ciyawa, masu noman da ba ya tsayi, masu rumfar ajiya marar bisa a inda ya yi nesa da hanyar sauka. Shekara uku ko biyar, ana sabuntawa. Ban da tubali da siminti, ban da mahauta, ban da kiwo a jikin shinge, ban da ƙona shara.

Wa za a fara ba? Waɗanda suka gāji gonakin wurin. Dokar ƙasa ta tanadi diyya ga wanda aka karɓi gonarsa don amfanin jama'a, kuma ba adalci ba ne a hana manomi gonar kakansa da sunan tsaron jirgi, sannan a wayi gari wani mai hali ya kewaye ta da katanga.

Abin da nake roƙon hukumomin birni shi ne su zauna da ANAC, hukumar jiragen sama ta ƙasa, da ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta wasu ƙasashen Afirka, a fitar da taswira guda, a liƙa ta a ofishin kowace gunduma daga cikin biyar ɗin birnin, a karanta bayaninta da Hausa a gidajen rediyo, a kai wa masu unguwanni. Takardar haya kuma kada ta fita sai da sa hannun hukumar jiragen sama, kuma a bayyana wa jama'a sunan wanda aka ba da kuɗin da yake biya kowace shekara.